Ɗaurin Yauri a tashar jiragen St. Michaels

Jama'ar majalisarmu ta gindin darbejiya, ina gaishe ku daga Woodbridge. Kafin Hajiya ta riga ni ta waya, gara ku ji daga bakina: a tafiyar nan an yi wawa guda ɗaya, kuma gemunsa fari ne.

Kun san aikin ido ne ya kawo ni gidan 'yata Likita. Ido ya warke, amma an hana ƙafa fita. Wata biyar ina falo kamar tulun ado, daga kujera sai taga, daga taga sai kujera. Da na ishe su da mita, Likita ta ce, "Baba, ran Asabar Injiniya zai kai ku wani gari a jirginsa na ruwa. In kun dawo babu labari, kowace Asabar ka bi shi. In an samu labari, sai falo." Ta haɗa ni da uwarta Hajiya, wai rakiya. Ni dai na san 'yar rahoto ce.

Injiniya shi ne mijin Likita, Bakatsine mai kunya. Shekara tara bai taɓa haɗa ido da ni ba.

Woodbridge zuwa Annapolis

Ƙarfe uku na farka, na sa hula na zauna. Muna sallame asuba, biyar da rabi, muka hau babbar hanya ta 95. Mil sittin muka yi ba shinge ko ɗaya, ba mai leƙo kai ya ce a ba shi na goro. Har na ji kamar ba tafiya muke ba. Na tambayi Injiniya ko saura nisa ya fi sau goma. Hajiya ta ce in ban natsu ba za ta koma kujerar gaba ta bar ni da kular abinci.

Bakwai saura muka isa Annapolis, inda jirgin yake. Fari ne, tsawonsa bai wuce kwalekwalen mutum goma sha biyu ba, sai dai inji da rumfa. Aka sa mini rigar ceto mai ruwan lemo. Na ce, "Ni da aka binne cibiyata a yashin Kwara za a sa wa wannan?" Injiniya ya dubi ƙasa ya ce, "Doka ce ta Likita, Baba." Na sa.

A kan ruwa

Bakwai da rabi muka tashi. Jama'a, ruwan nan da suke kira Chesapeake ba kogi ba ne, ba kuma teku ba, ƙanin teku ne mai zafin kai. Jirgi ya riƙa dukan ruwa kamar mota a hanyar da ba kwalta. Shayin da na sha ya riƙa zuwa maƙogwaro yana gaishe ni yana komawa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Don kada Hajiya ta gane, sai na hau ba su tarihin yadda muke tuƙi a Yauri. Ta ce, "Malam, fuskarka ta koma kalar kuka." Na ce hasken rumfa ne.

Bayan awa biyu muka karya kwana muka shiga wani kogi mai faɗi, ruwa ya fara hankali. Goma da kwata sai ga tashar: wani lungu ne da ƙasa ta rungume ta gefe uku, iska ba ta samun ƙofa. Ruwan kwance luf kamar man gyaɗa a kwano, jirage masu dogayen sanduna a jere, ba mai motsi. Nan raina ya dawo, bakina ma ya dawo.

St. Michaels

Wata Baturiya mai jan hula, ma'aikaciyar tashar, ta nuna mana wurin tsayawa a jikin dandamalin katako mai turaku. Injiniya ya biya kuɗin wuni, ya jefa igiya, ya ɗaura ta sako-sako, har tana lilo.

Na ce a raina, yau ranata ce. Wata biyar ba wanda ya nemi ko ɗaurin leda a wurina.

"Injiniya, haka ake ɗaure jirgi a Katsina? Da yake ku ruwanku na rijiya ne."

Na kwance, na jawo jirgi har ya manne da katako, na ɗaure gaba, na ɗaure baya, tamau, irin ɗaurin da ko ambaliyar Agusta ba ta kwancewa. Injiniya ya sosa ƙeya.

"Baba, ko a ɗan sassauta? Saboda ruwan nan yakan..."

"Yakan me? Ruwa ruwa ne. Tun ba a haifi babanka ba nake ɗaure jirgi."

Ya ce, "Haka ne, Baba." Ku da kuke da surukai kun san irin wannan "haka ne" ɗin.

Muka shiga gari. Titi ɗaya ne babba, shaguna ƙanana. Abincinsu ƙaguwa, a zube maka a kan takarda a ba ka guduma. Rabin awa ina ƙwanƙwasa, abin da na samu bai cika cokali ba, kuma dozin ɗaya kuɗinsa ya sayi tunkiya a gida. Muka ga gidan ajiye tsofaffin jirage, muka yi azahar a ƙarƙashin wata bishiya. Ni dai hankalina na kan ɗaurina. Ina so Hajiya ta gan shi yadda na bar shi, ta kai rahoto. Na ga Injiniya ma yana ta duba agogo, sau biyu yana cewa bari ya je ya dawo, ina cewa ya zauna, ba a barin manya a kan hanya.

Uku da rabi muka koma. Tun daga nesa na hango mutane sun taru.

Ashe ruwan ƙasar nan tafiya yake yi. Sau biyu a rana yana cika yana janyewa. Ya sauka kamu guda da wani abu, duk jiragen mutane sun bi shi ƙasa lafiya, namu kaɗai ɗaurin Yauri ya hana. Ga shi nan a rataye, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, kamar akuyar da aka ɗaga wa ƙafa. Kular Hajiya ta gangara ta buɗe, agwagin tashar suna walima da dambunmu.

Baturiyar ta ce ta gwada kwancewa ta kasa. Ta tambaya da Turanci wa ya yi wannan ƙulli. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, amma na ji ta sarai, sai na dubi sama ina nazarin gajimare. Injiniya ya ce, "Ni ne." Ta sa wuƙa ta yanke. Jirgi ya faɗa ruwa, tim! Ƙarfen da ake ɗaura igiya a baya ya tsage, ya tafi da ɗan jikin jirgin. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin ƙulli mai kyau haka ba. Wannan ku rubuta shi, don Hajiya ba za ta faɗa muku ba.

Komawa

Huɗu da kwata muka taso, shida da rabi Annapolis, takwas muna ƙofar gida. Duk hanya ban tambayi ko saura nisa ba. Ina ta lissafin falo: kujera, taga, kujera. Mun gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na kuma gode wa Injiniya, ɗan halak.

Likita na tsaye a bakin ƙofa. "Akwai labari?"

Injiniya ya ce, "Ɗan ƙarfe ne ya tsage. Ni ne ban yi wa Baba bayanin ruwan ba."

Da na yi shiru da na tsira. Amma da na ga hanya ta buɗe sai na gyara hula. Na ce laifin na ruwan ne, ruwan da ba shi da amana, ka bar shi a wuri ka dawo ka tarar ya tashi. Na ce Asabar mai zuwa zan nuna wa yaron nan wani ɗaurin da ya fi wannan.

Likita ta dubi uwarta. "Mama, ke kika gani. A bar shi ya koma?"

Hajiya ta ajiye kular da babu komai a ciki, ta ce, "A bar shi mana. Amma in an isa, shi za a ɗaure a jikin turken, jirgin a bar shi ya sha iska."