Barewar da Na Yi wa Wuyan Takardar Talla

Ni ɗan majema ne. A bakin ramin jima na tashi a Kano, boko kuwa aji biyu na sakandare na yi na ajiye. Fata na sani, kuma ita ta kai ni Dubai a farkon shekarun dubu biyu, wani shago a Al Khabaisi bayan masu sayar da taya, inda ake ɗaukar matacciyar dabba a mayar da ita tsaye kamar mai rai. Larabawa ke kawo mana shaho da barewa, wani lokaci zomon daji, su kai ɗakin baƙi suna nuna wa mutane.

Mai shagon tsoho ne ɗan Pakistan. Shi ya koya mini abin da ban zo da shi daga gida ba, wato yin ganga. Fata ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai an yi mata jikin da za ta hau, mu kuwa da takarda muke yin jikin. A auna dabbar kafin a feɗe ta, a gina siffarta da yumɓu, a zuba filasta a kai, farin garin nan da ake damawa ya daskare kamar siminti, a sami mazubi gida biyu. Sai a yayyaga takarda mai ruwan ƙasa, irin ta buhun siminti amma sabuwa, a jiƙa ta, a shafa mata kokon fulawa da aka dama da gam, a riƙa liƙawa cikin mazubin falle bisa falle ana dannawa da babban yatsa. Falle bakwai a jiki, tara a wuya. Ba a sa almakashi, don bakin yagaggiyar takarda ya fi kama ɗan'uwansa. In ta bushe da hannu ɗaya za ka ɗaga ta, amma ka zauna a kai ba za ta lotsa ba. Shekara biyar ina wannan aiki, ban taɓa gajiya da shi ba.

Da ciwo ya kwantar da tsohon aka mayar da shi ƙasarsu, ɗansa ya karɓi shago. Matashi ne mai digiri, kowa habibi ne a bakinsa, wato masoyi, har mai shara. Bai yi wata biyu ba kwantena ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali cike da gangunan soso, rawaya, masu tauri kamar na jikin firji. Kowace da lambarta a littafin hotuna. Ka duba lamba, ka ɗauko, ka ja fata a kai kamar safa. Ba zan yi ƙarya ba, abin da nake yi a mako biyu ana gama shi kafin la'asar. Amma duk barewar da ta fita daga shagon tun daga nan fuskarsu ɗaya, tsayuwarsu ɗaya, kamar sojoji.

Saura wata uku bizata ta ƙare. Yaron bai ɓoye mini ba, ya ce ba ya bukatar mai yin ganga, jan fata kuwa kowane lebura zai koya. Ana cikin haka wani Balarabe dattijo ya zo da barewa a cikin ƙanƙara. A gonarsa ya raine ta. Ta taɓa karyewa tana ƙarama, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, tana karkata kai in za ta dube ka. Ya ce yadda take yake so a mayar masa da ita. Yaron ya buɗe littafinsa ya yi ta juya shafi, babu lambar barewa mai karkataccen kai. Na ce zan yi.

"Yalla, je ka yi," in ji yaron bayan baƙon ya fita. "Wata guda. In ta yi kyau teburinka na nan, in sabunta maka biza a kansa. In ba ta yi ba, khalas, shi ke nan."

Na auna, na gina, na zuba. Sai da na gama jiki da ƙafafu takardata ta ƙare, saura wuya da kai. Yaron ya daina saro ta tun zuwan soso, kuma da na yi masa magana sai ya nuna mini tarin jaridun Larabci a lungu da bakin biro. Jarida tana shan koko sosai, na sani. Amma ni Larabcina na allo ne, ba na gane labari, sunan Allah kawai nake ganewa, kuma kowane shafi na buɗe sai na gan shi. Shafin ta'aziyya ma ayoyi ne zalla. Mu a gida in ka ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ɗauka kake ka cusa a tsagar bango. Barewar nan kuma ba yanka ta aka yi ba, mushe ce. Na kasa.

A Bur Dubai nake kwana, ɗaki ɗaya da wani ɗan Damagaram mai harkar yadi. Ran Juma'a muna cin shinkafa bayan masallaci na ba shi labari.

"Kai Bakano, tsoron Allah yau ya kama ka? Kullum kana tayar da gawa kana sa mata idon kwalba, ba ka ce komai ba."

"Wannan daban."

"Ina daban ɗin, mon frère, ɗan'uwana? Su masu harshen a kan jaridar nan suke baza abinci. Dubi ma abin da ke ƙarƙashin tiren nan."

Na duba, jarida ce. Na janye ta na ninke na ɗora kan firji. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Sarkin majema ya zama limami. To liman, in aka koro ka kar ka ce in ɗauke ka aiki, ba na son warin fata a kayana."

Takardun talla na manyan kantuna na tara, waɗanda ake turowa ta ƙarƙashin ƙofa, masu sheƙi, na ware na Turanci zalla. Tun a fallen farko yatsana ya gaya mini. Koko ba ya shiga, zamewa yake a kai kamar ruwa a leda. Na ƙara gam, na yi falle goma sha biyu maimakon tara, na ce wa kaina yawa zai rufe. Da ya bushe ya yi tauri. Na haɗa, na ja fata, na ɗinke, na gyara kunne da fatar ido kwana biyu cur. Da dattijon ya zo ya tsaya a gabanta, ya ɗora hannu a kafaɗar hagun ya bar shi a can. Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma na san abin da ke cikin wuyan.

Watan Agusta ne, lokacin da iskar garin take jiƙe kamar tururin tukunya, ka fito daga mota tabarau ya rufe. Dattijon kuma a rumfar gonarsa ya ajiye ta, inda ba kullum ake kunna na'urar sanyi ba. Mako biyar direbansa ya dawo da ita a bayan a-kori-kura. Wuyan ya sunkuya, hanci ya kusa taɓa ƙirji, fata ta tsage a bayan kunne.

A gaban yaron na farke ɗinkin. Jikin yana nan kamar katako. Wuyan kuwa ya rabu falle-falle kamar littafin da ya sha ruwa. Ya zaro falle ɗaya, hoton injin wanki ne a jiki.

"Me ya hana ka sa jarida?"

Na gaya masa. Musulmi ne, na ɗauka ko kaɗan zai gane. Ya dube ni ya ce babansa da jarida ya yi shekara ashirin yana aiki kafin ya samu takarda mai ruwan ƙasa, jaridar Urdu, mai irin wannan rubutun, kuma bai taɓa fashin jam'i ba. Har yau ban sani ba ko tsohon ne ya yi sake ko ni ne na yi wauta, kuma malamai biyu da na tambaya daga baya amsa biyu suka ba ni.

Da hannuna na jiƙa fatar na ja ta a kan gangar soso, kafaɗu daidai, kai a miƙe. Direba ya zo ya ɗauka. Dattijon bai sake takowa shagon ba. Mazubaina na filasta, wajen talatin, aka farfasa aka zuba a motar shara don a sami wurin jera kwalaye.

Yaron bai kore ni ba, kuma mutane suna cewa ya kyauta. Ya sabunta bizar, amma a matsayin lebura, a sitonsa na Jebel Ali. Shekara uku na yi a can ina sauke kwalayen soso daga kwantena ina duba lamba. Ban sake yaga takarda don aiki ba har na dawo gida, a gida kuwa babu mai neman a tsayar masa da barewa.