Baƙon da Yaya Ya Kora Daga Shago

Yayana mai gyaran keken ɗinki ne, kuma har ya yi furfura ban taɓa ganinsa da littafi ba, in ban da ɗan wanda ke zuwa cikin kwalin sabon keke. Shi ma hotunan yake kallo. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi, kawunan kekuna jere kan kanta, ko'ina warin mai. Teloli sun ce da kunne yake gyara: ya taka keke, ya karkata kai, ya faɗa maka inda ciwon yake. Ga son hira kuma. Matarsa kan ce ko da bango aka bar shi sai ya tambaye shi lafiyar iyali.

Sai aka ɗauke Dogo, babban ɗansa. A wurin buga takardu yake aiki. Wata safiya wasu mutane cikin kayan gida suka zo da mota marar lamba, suka ce tambaya ce kawai za su yi masa. 'Yan sanda suka ce ba su ba ne. A ƙofar hukumar leƙen asiri mai gadi ya ce mana nan ba a tsayawa. Muka samu lauya, ta kai ƙara babbar kotu, hukumar ta amsa cewa ba ta ma san da zamansa a duniya ba.

"Baba," in ji lauyar, "kotu ba za ta ce a fito da wanda aka ce ba a riƙe da shi ba. Ku samo mini mutum ɗaya da ya gan shi a ciki, wanda zai yarda ya rantse."

A hanyarmu ta komawa ne Yaya ya tsaya wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a gefen titi, ya ɗauki wani jibgege da hoton ginin kotu a bayansa. Ya ce shi bai taɓa gyara abin da bai buɗe cikinsa ba. Da ɗan Turancinsa na makaranta da ƙamus a gefe ya fara, yana bin layi da tsinin sukudireba. Ya gama na kotu, ya koma kan na masu mulki, daga nan ya faɗa na 'yan leƙen asiri na ƙasashen duniya, kuma a nan ya maƙale. Kekunan mutane suka yi ta taruwa. Teloli suka sa masa Babban Joji, da farko yana dariya.

Daga baya dariyar ta ƙare. Mutumin da ke hira da bango ya koma magana ƙasa-ƙasa. In za a ambaci Dogo sai ya tattara wayoyinmu ya sa a aljihun tebur ya rufe. Har mai shayin da suka yi shekara da shekaru suna zolayar juna ya fara zarginsa, wai me ya sa yake yawan tambayar labarin shari'a. Na ce masa, "Yaya, littattafan nan fa ba su fito mana da yaro ba, kai ma suna nema su ɗauke ka." Ya ce ni ban san komai ba. Gaskiya ne, ban sani ba, amma raina ya ɓaci sosai.

Ranar da abin ya faru na kai masa abincin rana, ina zaune kan benci. Wani siririn mutum ya shigo da sallama, yana tari, rigarsa ta yi masa yawa. Ya duba titi, sannan ya ce, "Kai ne mahaifin Dogo? Ɗaki ɗaya aka ajiye mu. An sako ni, shi yana can, yana da rai."

Na miƙe tsaye. Yaya bai ko motsa ba.

Mutumin ya ce Dogo ya ba shi alama. Akwai tabo a babban yatsansa na hagu, allurar keke ce ta huda shi yana yaro a cikin shagon nan, uban ya ɗauke shi a kafaɗa har asibiti yana kuka fiye da ɗan. Wallahi haka aka yi, ina wurin. Amma Yaya ya karanta cewa irin waɗannan labaran ake tatsa daga bakin wanda aka kama, a ba ɗan aike ya je ya sayi zuciyar iyali, ya ji da wa suke magana, su waye abokan yaron. Duk abin da mutumin ya ƙara faɗa daidai, sai fuskar Yaya ta ƙara rufewa.

"Malam, ka yi ɓatan kai," in ji shi. "Ni ba ni da wani ɗa Dogo."

Na ce, "Haba Yaya." Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun muna yara. Mutumin ya dube shi ya daɗe, ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya fita. Na ture benci na bi shi ba ko takalmi, amma ya riga ya shige cikin mutanen tashar mota. Ko sunansa ba mu tambaya ba.

Bayan wasu watanni, a barandar kotu, muka haɗu da wata dattijuwa da muka saba zaman jira tare, ita ma ɗanta aka ɗauke. Ta rungume ni tana kuka, wai an fito da nata. Wani siririn mutum mai tari ne ya zo gidanta, ta kai shi wurin lauya, ya rantse gaban alƙali. Da ya gama ya bar ƙasar, don zama ya gagare shi, kuma bai bar wa kowa lamba ba. Lauyarmu ta duba takardun shari'ar. Ba wanda ya tambayi mutumin game da Dogo, don haka sunan bai fito ba.

Muka koma shago ni da Yaya. Ya jawo littafin 'yan leƙen asirin nan, ya buɗe shafin da ya sha mai da yatsa, ya miƙo mini, ni da ko ƙamus ba zai cece ni ba. "Ga shi nan a rubuce," in ji shi. "Suna turo mutane. Ba ni na ƙirƙira ba." Na ce na sani, Yaya. Tausayinsa da haushinsa suka kama ni lokaci ɗaya.

Har yau ana ɗaga shari'ar. Littattafan suna nan kan kanta tare da kekunan da masu su suka gaji da zuwa nema. Da can bango yake fuskanta in yana aiki, yanzu ya juya teburin yana kallon ƙofa. Duk siririn mutumin da ya gifta sai ya miƙe. Jiya ina zaune wani ya yi tari a waje, kafin in ɗaga kai Yaya ya kai tsakiyar titi, yana cewa da ƙarfi, kowa na ji, "Malam, tsaya, ni ne mahaifin Dogo."