Na'ura ta ce ba na ƙasar

Laraba, ƙarfe goma da minti sha biyu na safe, ina zaune a zauren gidanmu a Konni, nan bakin iyakar Nijar da Najeriya, saƙo ya shigo: an rufe mini shiga shafin jami'armu saboda na gwada "daga ƙasar waje".

Jami'armu ta kwashe shafukan ayyukan bincikenmu daga na'urar buro, wato ofis, ta kai intanet, wai don mu same su ko'ina. Memwar ɗina, kundin binciken gama karatuna, na can, kuma gobe ƙarfe tara zan nuna shi a Malbaza wurin neman aiki.

Na kira Malam Sani, mai kula da na'urorin.

"Malam, wallahi gida nike."

"Na'ura ta ce kana Najeriya."

"Layin can nika sa ma data, kamar kowa a unguwarmu. Rezonsu na waya har ɗakina yake kamawa."

"To ƙanena, sai ka dawo ƙasa mu yi magana."

Na dawo ƙasa ba tare da na tashi daga tabarma ba, na sa layin Nijar. Sai aka ce an aika lambar buɗewa ta imel ɗina na jami'a. Imel ɗin da suka rufe ranar da na gama karatu. Madalla da ci gaba!

Abin da har yanzu ban sani ba: ko memwar ɗin ya isa can lafiya, wa zai buɗe imel ɗin, da kuma abin da zan nuna gobe in ban da wannan saƙon.

'Yan Konni, ku ma an fitar da ku ƙasar?