Ja'afaru Mai Balangu, Wanda Ya Hana Mayunwata Nama

Kowace Laraba, kafin masu rake su sauke kaya a kasuwar Makarfi, Ja'afaru ya riga ya hura itacen ƙirya a tukubarsa. Ba ya ɗora nama sai harshen wuta ya mutu, saura jan garwashi. Tsokar gadon baya yake so. Ya shafa mata gishiri da ɗan kitse, ya juya ta sau ɗaya, ya sauke a kan ganye ta huta kafin wuƙa ta taɓa ta. In ka matsa masa sai ya ce, "Malam, in sauri kake, ga masu ƙona nama can gaba." Na sha wannan baƙar magana, na kuma sha cin balangun, ban taɓa da-na-sani ba.

Bana ya kashe wutar, hayaƙi ya cinye masa ido. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, amma ba don daɗin naman ba.

A shekarar diban gwamna, da aka kwashi mazajenmu aka kai su haƙar kuza a Jos, har da ƙanensa Ɗanliti. Ya dawo a ƙasa, ƙashi da fata. Ja'afaru ya yi abin da kowane wa zai yi: ya gasa masa tsoka mai maiƙo, ya zauna yana kallonsa yana ci, hawaye na zuba don murna. Cikin da ya daɗe bai ga abinci ba ya kasa ɗauka. Washegari kafin la'asar an binne Ɗanliti.

Sauran suka ci gaba da dawowa, 'yan Kudan, 'yan Malikanchi, ƙamshi yana jawo su bakin tukubar. Masu tausayi suka ce za su saya musu. Ja'afaru ya ƙi sayarwa.

Usmanu na Kudan ya faɗa mini da bakinsa: "Na durƙusa na ce, Baba, don Allah ko yanka ɗaya. Ya ce, 'Ɗana, ba yau ba.' Ya ja ni gida, matarsa Inna Lantana ta ba ni kunu tsararo, daga baya romo ba tsoka. Wallahi na tsine masa a zuciyata."

Ba Usmanu kaɗai ba. Ja'afaru ya yi bayani, aka ce nama ba ya kisa, kwanan Ɗanliti ne ya ƙare. Aka kira shi marowaci, aka ƙaurace wa tukubarsa, namansa ya riƙa kwana. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya sayar wa masu dawowar. An binne wasu daga cikinsu.

Kai ne, na Lantana, da ka gwammace a zage ka da a sake haƙa kabari. Waɗanda ka hana, ga su nan da gonaki da 'ya'ya. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan Ɗanliti. Ku kuma masu sana'a, ku koyi hana abin da zai cutar, ko da mai roƙo yana kuka.

Usmanu ya ce ranar da cikinsa ya warware, Ja'afaru da kansa ya gasa masa, ya yayyanka ƙanana. "Na ce, Baba, sa hannu mana. Ya ce ya ƙoshi."

Na tambayi Inna Lantana. Ta ce tun ranar da aka binne Ɗanliti, nama bai sake shiga bakinsa ba.