Shekarar da Aka Fasa Gayyar Kwata

Wata Asabar gab da faɗuwar damina, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya kaure da kiɗa tun hantsi. Maƙwabcinmu Malam Sabo, mai sayar da taya, ya ci kansila a sabuwar ƙaramar hukumar da aka yanka mana. Mu 'yan mata muka watsar da tsintsiya da wanke-wanke, muka bi motarsa da gudu har bakin titi muna tafi, alhali ko ma'anar kansila ba mu sani ba. Abin da dai muke ji a bakin manya shi ne, "Gwamnati ta matso kusa."

Kafin nan muna da al'adarmu. Duk shekara kafin ruwan fari, mai unguwa kan sa a yi shela a masallaci, maza su fito da shebur da baro su yashe kwatar da ta ratsa bayan gidajenmu. Mata su dama kunun tsamiya, mu yara mu yi ta jigilar kofuna muna tsintar murafan kwalba a cikin laka. Kwatar nan jingine take da bangon ɗakin kakata Inna, ɗakin ƙasa da marigayi kakana ya gina da hannunsa, kuma a nan nake kwana a bayanta tun da aka yaye ni.

A shekarar nan ba a yi gayya ba. Malam Sabo ne ya tsaya a ƙofar masallaci ya roƙi jama'a kada kowa ya taɓa kwatar, wai injiniyoyi na nan tafe za a gina ta da siminti, in suka tarar da ita fes za su ce ba mu da matsala. Maza masu gemu, har da Babana, suka yi na'am, aka zuba wa shara ido tana taruwa kamar abin ado. Da aka ga shiru aka tuntuɓi Malam Sabo, ya ce shugaban ƙaramar hukuma ya ce sai jiha ta saki kuɗi, jiha kuma ta ce kwatar unguwa ba huruminta ba ce. "Kujera kawai aka ba mu," in ji shi, "wuƙa da nama suna sama."

Inna ba ta iya jira ba. Ta ɗauko 'yar fartanyarta, ta miƙa mini tsohon kwano, tana yasa ina kwashewa, samari na wucewa suna yi mana dariya. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," ta ce da ni, tana haki. Amma me ƙarfin tsohuwa da yarinya zai yi wa sharar layi guda?

Wata rana bayan la'asar aka kece da ruwa, muna ɗakin Umma muna ɓarar gyaɗa. Ruwan ya rasa hanya, ya taru ya jiƙa gindin bangon ɗakin Inna, sai muka ji rim! Allah ya tsare rai, amma gadon Inna da kwallayenta da Alƙur'anin kakana duk suna ƙarƙashin ƙasa. Kawuna ya zo ya tafi da ita ƙauye, wai kafin a gyara. Ba a tafi da ni ba saboda makaranta. Na yi kuka har na gaji, kuma har yau ban huce ba.

Yanzu kullum na kunna rediyo sai na ji ana muhawarar gyaran tsarin mulki, wannan ya ce a sakar wa ƙananan hukumomi mara, wancan ya ce ba su kai ba. Ina goyon bayan a sakar musu, amma ba na iya sauraro har ƙarshe. Masu maganar ba su da gaggawa, don ba bangonsu ne ke shan ruwa ba. Ni dai na san Inna a ɗakin aro ta rasu, tana jiran manya su gama shawara.