Madubin Gefen da Ya Ƙi Zama

Na manta abubuwa da yawa na zamanin da nake koyarwa a wajen Dangora, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma labarin madubin motata yana nan daram, kuma ban ga ranar da zai goge ba.

A shekarun tamanin ne, farkon damina. Ina koyar da kimiyya, ina kuma da wata tsohuwar mota da na saya a hannu, wadda ta girme wasu ɗalibaina. Ba ta da kyan gani, amma ita kaɗai ce mota a makarantar, saboda haka nake tafiya kamar mai riƙe da sarauta. Kullum nakan ajiye ta ƙarƙashin wata tsamiya bayan ɗakin malamai.

Wata rana na lura gilashin madubin gefen direba yana rawa a cikin gidansa. In na duba baya, sai in ga hanya da bishiyoyi suna karkarwa kamar masu zazzaɓi. Na kai wa wani dattijo mai faci da ke bakin tasha, wanda duk malamanmu ke kai wa kekunansu da baburansu. Ya zare gilashin a hankali, ya kankare tsohon gam da samfefa, ya yanko 'yar roba daga tsohon tif ya yi masa shimfiɗa. Ya shafa sholisho, gam ɗin masu faci, a fuska biyu, ya bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ya manna ya ɗaure da roba.

"Kada ka kwance sai gobe, Malam," in ji shi.

Na bi umarni. Kwana huɗu, gilashi ya koma rawa. Na mayar, ya sake yi. Kwana biyar, ga shi nan yana lilo.

A nan ne ilmi ya yi mini rana ta baya. Da yamma muna da majalisa a ƙofar gidan hedimasta, inda ake warware matsalolin duniya tsakanin la'asar da magariba. Malamin lissafi ya tsokane ni da batun madubin, ni kuwa na gyara zama na yi musu darasi. Na ce gam mai kyau ba ya saki cikin kwana huɗu, don haka babu shakka dattijon nan yana sirka sholishonsa da kananzir don ya yi auki. Ban gani ba, ban shinshina ba, ban tambaya ba. Amma na faɗa da muryar da nake bayanin yadda ruwa ke zama tururi, kuma wa zai yi wa malamin kimiyya musu a kan gam? Kafin mako ya zagayo, malamai sun kwashe kekunansu sun koma wajen wani sabon mai faci a tsallaken titi. Daga malamai magana ta shiga gari.

Ni ma na kai wa sabon. Nasa kwana uku ya yi.

Wannan ya tsaya mini a rai, ba don tausayin dattijon ba, gaskiya, sai don lissafina ya ƙi fita. Na zargi zafin rana. Na zargi gargadar hanya. Don in gwada, na manna shi da kaina ranar Alhamis, Asabar na kama hanya har Tudun Wada, na bi burji mai ramukan da har haƙorana suka gaisa da juna, na dawo. Gilashi ko gezau. Litinin na ajiye mota a gindin tsamiya, ba ta motsa ba sai 'yar tafiyar gida. Laraba, rawa ta dawo. Wato motar da ke gudu madubinta lafiya, wadda ke tsaye ita ke ciwo. Babu littafin da na karanta da ya yi bayanin haka.

Ranar Alhamis lokacin hutun ƙarfe tara, ina tsugunne ina jujjuya gilashin da yatsa kamar likita, sai wata Bafulatana mai tallan nono, dattijuwa da ke zama a ɗaya gefen tsamiyar, ta ce, "Malam, yau ma ya zo ai."

"Wa ya zo, Inna?"

"Mai faɗa da motarka. Da an kaɗa ƙararrawa kun shige aji, sai ya sauko."

Na miƙe da sauri, ina tunanin wane ɗalibi ne zai sha bulala. Ta nuna saman tsamiya da ludayi. "Cilakowa ne. Yana ganin wani a ciki, shi kuwa matarsa na cikin kogon can."

"Tun yaushe kike gani?"

"Tun ruwan farko."

"Inna, shi ne ba ki gaya mini ba?"

Ta ci gaba da dama furarta. "Kai kullum nono kake tambayata, ko da tsami ko babu. Na kuwa gaya maka."

Da aka koma aji na cika wa 'yan aji allo da aiki, na tsaya jikin taga. Ba a jima ba ya sauko, tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe, ya dira a kan ƙofar mota. Ya karkata kai ya duba da ido ɗaya, ya sake dubawa da ɗayan, kamar alƙalin da ke son tabbatarwa. Sai ya kai sara. Ƙwas! Ƙwas! Ya ja da baya, ya ga abokin gaba bai gudu ba, ya sa baki a gefen gilashin yana ɓamɓara, wai zai zaƙulo shi daga ciki. Na fi minti goma ina kallo. Sai a lokacin na fahimci farin kashin da nake wankewa a jikin ƙofar kullum, ina ɗora wa tsamiya laifi.

Da aka tashi na wuce tasha. Na tarar da dattijon zaune shi kaɗai, famfonsa a jingine, tsallaken titi kuwa kekuna sun yi layi. Na gaishe shi, na ce gilashin ne dai.

"Sholishon nawa shi ne wanda aka ce na sirka, Malam. In sa?"

Na durƙusa na kwashe labarin cilakowa na faɗa masa, na roƙi gafara. Ya saurara har ƙarshe, ya ma yi 'yar dariya wajen ɓamɓarar. Sannan ya ce, "Na yafe. Amma a nan ka faɗi waccan maganar?"

"A'a, Baba."

"To, inda ka faɗi waccan, can za ka kai wannan."

Ya gyara gilashin kamar yadda ya yi da farko, ya ce in na ajiye mota in riƙa zura wa madubin tsohuwar safa. Bai sake rawa ba har na rabu da motar.

Da yammar nan na tsaya a majalisa na janye darasina. An yi dariya har hedimasta ya share hawaye, an kuma yi shekara ana tambayata lafiyar abokin faɗana. Dariyar ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, wasu sun mayar da kekunansu wajen dattijon, wasu kuwa ba su koma ba. Malamin lissafi ya ce shi ya riga ya saba da tsallaken titi. Mutanen gari da suka ji maganar kananzir, da yawansu labarin tsuntsu bai taɓa isa kunnensu ba.

Abin da na koya shi ne, in abu ya ɗaure mini kai, in ce ban sani ba tukuna, in zauna in duba. Gilashi in ya saki ana manna shi cikin rabin awa. Sunan mutum kuwa na yi shekaru ina mannawa, bai koma yadda na same shi ba.