Inda Aka Sa Kunyar Titi

Garinmu ƙarami ne, bai kai Kankara ko Faskari ba, amma kwalta ta ratsa shi ta tsakiya. Daga yamma titin yana da gangare, kuma daidai ƙarshen gangaren makarantar firamare take, masallacin unguwarmu yana kallonta ta tsallake. Da kaka, manyan motoci masu ɗauke da masara sukan sauko nan kamar ba su da birki. Shagon ɗinkina yana gefen masallacin, saboda haka duk abin da ya faru a wurin a idona yake faruwa.

A nan aka buge ladaninmu. Dattijo ne mai tsohon keke wanda ya girmi yawancin samarin garin. Ya dawo daga gona gab da azahar, ya sauka yana tura keken zai tsallaka, wata motar hatsi ta kwashe shi da gefenta. Bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye, bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba.

Ranar kowa ya fusata. Samari suka jera itatuwa da duwatsu a kan titi, sai da mai unguwa ya roƙe su suka kwashe. Washegari kansilanmu ya zo dubiya da wani mai ɗaukar hoto a waya. Ya durƙusa gaban tabarmar tsohon, ya riƙe hannunsa har aka gama ɗauka, sannan ya ce za a yi kunya ta siminti a gangaren, irin wadda ke tilasta mota ta rage gudu. Jama'a suka ce ni in riƙa bin maganar, tunda ina da ɗan karatu kuma ni ke da iko da lokacina.

Na bi ta. Nakan rufe shago in hau kekena zuwa sakatariya, in zauna a benci tare da masu neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Yau a ce shugaban sashen ayyuka ya tafi ta'aziyya, gobe a ce majalisa ba ta zauna ba. Damina ta zo ta wuce. Wata rana wani ma'aikaci ya leƙo ya ce mini, "Malam, albishirinka, an amince." Na dawo na shaida wa ladan. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, har da kansila a ciki.

Da tifa ta kawo yashi, ban ga ta tsaya a gangare ba. Ta wuce makaranta, ta wuce masallaci, ta je can ƙarshen gari ta gabas ta juye, inda titi yake a shimfiɗe kuma ba mai tsallakawa sai awaki. Abin da ke wurin kawai jerin sababbin shaguna ne na surukin kansila, waɗanda tun da aka gina su ba wanda ya kama haya.

Na sami kansila a ƙofar gidansa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Ranka ya daɗe, ba can aka buge Baba ba."

Ya ce injiniya ne ya auna, shi ba ya sa baki a aikin masana. Ya ƙara da cewa ai duk cikin gari ne, motar da ta rage gudu a can ta rage wa kowa. Yana maganar yana sakace haƙori, bai ko dube ni sosai ba.

Aka yi kunyar a can, kafin wata ya ƙare shagunan sun cika. Mota ba ta da zaɓi sai ta tsaya cak ta haura kunyar, to sai kasuwa ta tashi a wurin: mai shayi, mai tsire, mai faci, masu sayar da fetur a galan. Direban da ya fito daga gabas kuwa, ya ɓata lokaci ya ji haushi, da ya haura sai ya take mota, ya iso ƙofar makaranta da gudun da ya fi na da. Na yamma dama babu abin da ya tare shi.

Kansila bai ba ni mamaki ba. Mutanenmu ne suka sa abinci ya fita raina. Na tayar da maganar bayan sallar la'asar, na ce mu koma mu nemi a yi wata a gangare. Sai kowa ya sunkuyar da kai. Waɗanda suka fi ɗaga murya ranar haɗarin, yanzu ɗiyansu ne ke bin motoci da farantin gyaɗa da rake a bakin kunyar. Wani ya ce in an yi wata a nan ciniki zai rabu biyu. Wani ya ce kada mu zama marasa godiya. Babban ɗan ladan, wanda ya sami tebur a can yana sayar da fetur, ya jawo ni gefe ya ce, "Don Allah Malam ka bar maganar nan. Abin da ya samu Baba ƙaddara ce, kuma da teburin nan nake saya mashi magani."

Na koma shago na zauna, na kasa taka keken ɗinki.

Da zaɓe ya matso aka shirya taro a bakin shagunan, aka ɗaura ƙyalle za a yanka don buɗe kunyar da tayoyi suka riga suka cinye gefenta. Aka aiko mini cewa ni zan yi jawabin godiya a madadin al'umma, tunda ni na sha wahalar bin aikin. Na ce ina da tafiya Sabuwa wurin yayata. Don kada in zama maƙaryaci, da safe na shirya na je can gaba da shagunan ta gabas, na shiga mota da gaske.

Mun zo kunyar ana kafa rumfa ana gwada lasifika. Ƙasan motar ya daki simintin, direba ya yi tsaki ya ce Allah ya isa tsakaninsa da duk wanda ya nemo wannan aiki. Ni da na nemo shi ina zaune a bayansa. Ya take mota muka ratsa gari, 'yan makaranta suna tsaye a bakin titi riƙe da hannun juna suna jiran mu wuce.